Da Sauƙi, In Ji Ni

Talata, 1 ga Yuli, 2025

An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Na sayi sabon littafi mai manyan layuka a bakin kasuwar Tudun Wada a nan Zariya, irin na 'yan aji ɗaya. Mai shagon ya ce, "Na jika ne, Malama?" Na ce eh. Alhali nawa ne. Layukan tsohon sun fara guje mini.

A nan kaɗai zan faɗa: idona na hagu ya yi hayaƙi. Tun bayan azumi nake ganin komai kamar ina tsaye kusa da murhun da aka hura da ɗanyen itace. Na dama ma ya fara koyi da ɗan'uwansa. Babu wanda ya sani, kuma ban yi niyyar kowa ya sani ba. Ranar da autana Yusha'u ya ji, ranar zai zo da mota ya kwashe ni da tabarmata zuwa gidansa na Hanwa. Ya daɗe yana neman dalili. In bar gidan da mai gidana marigayi Malam ya gina, in bar ajina na matan unguwa da nake koya wa Turanci bayan la'asar, in je in zauna a ɗaki mai tayil ina sauraron talabijin? A'a. Ni Maijidda da na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, ba a kai ga jan hannuna ba tukuna.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ƙawata Akunna ta biyo ni har gida da fushinta. Wai jiya na wuce ta gaban shagonta na atamfa tana ɗaga mini hannu, na ɗauke kai kamar matar gwamna. Tun tana amarya aka kawo ta garin nan daga kudu muke tare, ni na koyar da 'yarta Ginika, ita ta riƙe ni ranar da aka fita da gawar Malam. Ban taɓa wuce shagonta ban zauna ba.

Na ce tunani ne ya yi mini yawa. Ta daɗe tana kallona, ko dai na ji a jikina tana kallona.

"Lafiya dai, Malama?"

"Lafiya lau, Maman Ginika."

Ta ajiye mini gasasshiyar masara sabuwa, ta tafi. Ba ta ja maganar ba, abin da ba halinta ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Mun je dubiyar Baba Nagoda mai nama a Gyallesu, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ce a gaba kamar kullum. In dai dubiya ce a unguwar nan ni ake jira, ni ke cewa wance ta dama kunu, wance ta sayo lemo. Yau dai na kama gyalen maƙwabciyata Talatu a hanya, na ce taɓo nake gudu.

Muka zazzauna. Kowa ya ce, "Baba, ya jiki?" Shi kuma baki a karkace, da ƙyar maganar ke fita, yana cewa, "Da sauƙi." Har muka fito da sauƙi yake cewa.

Na tuna Malam. Watanni yana ciwon ciki yana ɓoyewa, yana fita masallaci yana amsa gaisuwa da fara'a. Safiyar ranar da ya rasu na kai masa ruwan zafi na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe gare ni. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau a ɗakin Baba Nagoda na ji haushin ya ragu, kuma raguwar tasa ba ta yi mini daɗi ba.

Litinin, 7 ga Yuli

Akunna kuma. Wannan karon da wani ɗan littafin cocinsu, rubutunsa ƙanana kamar an watsa gero. Ta ce an ɗora mata yi wa ƙungiyar mata bayani da Hausa, domin da yawansu sun fi jin Hausa a kan Turanci, kuma kalmomi biyu sun tsaya mata a wuya: confess da profess. Ta buɗe shafi ta ɗora yatsa.

"Ga su nan, Malama, kin gani?"

Na ce na gani mana. Na riƙe littafin nesa, na riƙe shi kusa, na ɗaure fuska irin ta malamai, na ce ta bar ni in yi tunani, ba a fassara abin addini da gaggawa. Alhamdu lillahi waɗannan biyun a kaina suke, ba sai na duba ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Na mayar da tambayar Akunna darasin yau, tunda ba ya buƙatar allo. Rubutun allo ya fara ba ni wahala, jiya na rubuta layi a kan layi, matan suka kau da kai don kunya.

Na ce musu profess shi ne mutum ya fito fili ya bayyana abin da ya yi imani da shi, ko abin da yake so a san shi da shi. Kansa a sama yake faɗa, kuma yana so kowa ya ji. Wani lokaci da gaske yake, wani lokaci da'awa ce kawai, baki na faɗa zuciya na wani wuri. Shi kuwa confess, mutum ya amsa abin da ya so ya ɓoye, laifi ne ko rauni. Ba ya buƙatar taro, mutum ɗaya ma ya isa ya ji, amma ya fi nauyi a harshe.

Talatu ta ce, "To ashe mai gidana ya ƙware a ta farkon. Kullum yana shela a majalisa ya daina shan zaƙi. Ta biyun kuwa sai ranar da na kama shi da gwangwanin madara a bayan randa."

Muka yi ta dariya har Talatu ta riƙe gefen ƙirjinta ta ce wash. Na ce lafiya? Ta ce lafiya lau, sanyin damina ne.

Da yamma na leƙa shago na ba Akunna amsarta. Ta sa na maimaita. Ta ce ai su a coci wani lokaci har imani ma da ta biyun suke faɗarsa. Na ce wannan ya samo asali ne daga zamanin da faɗin imani yake iya jawo wa mutum rasa kansa, shi ya sa ya ɗauki nauyin abin da ake ɓoyewa. Ta ce, "Malama ke nan, komai kin sani." Ban san me ya sa na ji kamar da zolaya a ciki ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na taka kazar Talatu a zaure. Ta rayu.

Litinin, 14 ga Yuli

Na sayi tabarau wajen mai yawo da su a faranti kusa da ƙofar jami'a ta Kongo. Na gwada kusan duk abin da ke kan farantin, yaron kasuwa yana cewa kowanne ya yi mini kyau. Kyau nake nema? Na ɗauki mai kauri. Haruffa sun ƙara girma, hayaƙin ma ya ƙara girma tare da su.

Na sa kwalli sabo. Na ɗiga zuma kamar yadda Innarmu take yi mana muna yara, na sha raɗaɗi a banza. In wata daga cikin ɗalibaina ce ta ce mini ta ɗiga zuma a ido, da ta sha faɗa.

Juma'a, 18 ga Yuli

Yusha'u ya biyo bayan masallaci shi da matarsa Sumaiya. Yarinyar kirki ce, wannan ba na musu. Ta share mini tsakar gida ba tare da na ce ba, ta ce, "Inna, shinkafar nan da kika shanya akwai tsakuwa a ciki." Na ce ban gama tsincewa ba. Na gama tun jiya.

Ya miƙo mini waya in ga hoton ɗansu Ashraf da kayan makaranta. Na ce tubarkalla, ya yi girma. Wani abu na gani fari da shuɗi mai kai.

Ya ce an yi wa ɗakina na Hanwa fenti. Ɗakina! Na ce ya sa buhunan masararsa a ciki, ni ina da ɗaki. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ke dai ba a iya miki." Da suka tashi na raka su har bakin mota, ina tafiya da sauri don su ga ƙarfina. Bayan sun tafi na daɗe a tsaye kafin in gane ƙofar gidana daga ta Talatu.

Gobe za a kawo lefen Ishatu, 'yar Talatu. Ni zan buɗe.

Asabar, 19 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

A layinmu in an kawo lefe ni ke buɗe akwati. In ɗaga kowane zane, in faɗi sunansa da launinsa da ƙarfi don na bayan ɗaki su ji, in yaba inda ya kamata, in ɗan tsokani dangin ango inda suka yi ƙwauro. An san ni da wannan tun kafin a haifi amaryar yau. Da safe na yi tunanin in ce kaina na ciwo. To in na ce haka, dubiya za a zo.

Ɗakin Talatu ya cika maƙil, ga turare, ga zafi, ga labule an saki. Duhu dai a wurina. Akunna na nan, don a shagonta aka haɗa kayan. Talatu ta zo jan akwatin farko ta kasa, na ji ta ja numfashi, wata ta karɓa.

Da farko komai ya tafi daidai. Hannuna ya san kaya. Shadda daban take a yatsa, leshi daban, kuma atamfa mai kyau tana da nauyinta da ƙamshinta. Na ɗaga ina faɗa, ana guɗa. Har na saki jiki. Sai na ɗaga wata mai santsi na ce, "Ga shuɗiya kuma, irin wadda ke karɓar farar mace!"

Guɗar ba ta zo ba.

Wata gwaggon ango, mai murya kamar ta mai tallan manja, ta ce, "Hajiya, ai koriya ce shar. Amarya ce ma ta ce kore take so, muka zagaye kasuwa muna nema." Wasu suka yi dariya. Wata ta ce Malama tsokana take yi. Na yi dariyar ni ma, amma ga sauran akwatuna ba a taɓa ba.

Sai na ji mutum ya durƙusa a gefena. Akunna. Ta ce da ƙarfi, "Ku bar ni in yi tallan kayana, ai ni na san wahalar da na sha kafin in samo su." Daga nan duk zanen da zan ɗaga sai ta riga ni taɓawa tana cika baki: wannan ruwan goro ce mai zanen ganye, babu irinta a Zariya, wannan ruwan hoda ce, wannan makuba. Ni kuma in ɗaga in maimaita, in ƙara nawa gishirin. Mata suna ta dariya wai Maman Ginika ta mayar da lefe kasuwa. Haka muka yi har akwatin ƙarshe. Babu wadda ta gane.

Da aka watse ta zo za ta kama hannuna a bakin zaure, na fizge. Na ce na san hanyar gidana. Ko na gode ban ce ba.

Ta rufa mini asiri a gaban mutane, kuma haushinta nake ji kamar ta tona. Ta sani ke nan.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ban fita ba. Na ce wa matan aji an ɗaga darasi sai wani makon.

Laraba, 23 ga Yuli

Na fara zagayawa ta bayan masallaci in zan je kasuwa, don kada in bi ta gaban shagon atamfa. Hanyar ta fi nisa, ga kwata a buɗe. Mace da furfurarta tana wasan ɓuya da ƙawarta.

Ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Na so ta zo in yi mata rashin mutunci, ta hana ni dama.

Na yi ta lissafin abin da zan rasa in na faɗa: gida, aji, buɗe lefe, jan gaba a dubiya. Sai dai da na sake dubawa, ajin na rufe shi da kaina, lefe kuma ba zan ƙara yarda in buɗe ba. Ban so wannan tunanin ba, na tashi na ɗora ruwan shayi.

Asabar, 26 ga Yuli

Na faɗa kwata. Ta bayan masallacin. Ruwa ya cika ta ya yi daidai da hanya, ni kuwa duk ƙasa ɗaya nake gani. Masu shago suka ciro ni, ana ta sannu Malama, zanena ya yi kaca-kaca. Targaɗe ne a idon sawu, mai ɗori ya zo ya ja, na kira sunan Allah da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Na ce wa kowa santsi ne.

Talata, 29 ga Yuli

Abin da nake gudu ya same ni ta ƙafa. Tun shekaranjiya gidan nan bai huta ba. Kunu a fulas, lemo, ayaba, har da farfesun da Sumaiya ta kawo. Ina zaune a kan katifa an miƙe mini ƙafa a kan filo, ana shigowa layi layi.

"Malama, ya ƙafa?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin."

Da murya nake gane su. Wadda ba ta yi magana ba sai in ce mata sannu da zuwa, 'yar nan. Bakina ya gaji da kalmar nan har ta daina yi mini kama da magana. Kuma gaskiya ce, ƙafar da sauƙi. Kowa yana tambayar wurin da ba nan ciwon yake ba, ni kuma ina amsawa da gaskiyar da ba ta da amfani.

Yusha'u ya ce in koma Hanwa har ƙafar ta warke. Na ce masu dubiya ba su san hanyar Hanwa ba. Ya gyara mini filo.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ta zo. Bayan azahar, lokacin da ɗakin ya yi sarari. Na gane ta da ƙarar silifas ɗinta tun daga zaure.

"Sannu, Malama. Ya ƙafa?"

"Da sauƙi, Maman Ginika."

Ta zauna a bakin katifa ta ɗauki lemo tana ɓarewa. Ba ta ambaci lefe ba, ba ta ambaci hannun da na fizge ba. Ta ba ni labarin Ginika da aikinta a Kaduna, da tsadar kaya, da ɗinkin da tela ya ɓata mata. Tana ɓare lemon tana sa mini a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, ba ta miƙo mini a iska in lalubo ba. Wannan ne ya karya ni, ina jin.

Ta ce ta yi wa matan cocinsu bayanin nan, sun gane sarai. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce ita ta farkon ba ta taɓa ba ta wahala ba, kowace Lahadi tana yi tare da jama'a, ta biyun ce take sa ta zufa. Na ce tsohuwar tana da hankali.

Ta kakkaɓe zanenta ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa, na ga duhunta ya tare hasken.

Na ce, "Maman Ginika."

Ta tsaya.

Na ce, "Ba na gani."

Haka kawai maganar ta fito, 'yar ƙarama, kamar ba muryar da ta yi shekaru tana tsawata wa aji ba. Na ce na hagu ya kusa tafiya, na dama yana binsa, tun bayan azumi, kuma tsoro nake ji. Na faɗi wannan ma. Tsoro nake ji.

Ta dawo ta zauna ta riƙe hannun nan da na fizge. Na yi kuka, ita ma ta yi, muka ɓata lemon.

Da muka natsu na ce tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da na wuce shagonta. Ta ce, "Shafin da na nuna miki a littafin nan, waƙoƙi ne, Malama. Kalmomin ba sa ciki. Kika ce kin gani mana." Na ce to tambayar fa? Ta ce bayanin mata gaskiya ne an ɗora mata, amma ita da aka haifa a cikin coci, tun tana yarinya take durƙusawa gaban fada, limamin cocinsu, tana amsa laifinta, a ce ba ta san bambancin ba? "So na yi ki faɗa da bakinki, ko kunnenki zai ji."

Na ce ita muguwa ce. Ta ce ta yarda, gobe ma in kira Yusha'u, in ba haka ba ita za ta hau keke ta je Hanwa.

Asabar, 2 ga Agusta

Na gaya masa. Na sa Sumaiya ta fita da yaron tukuna.

Na shirya wa faɗa, na shirya wa mota da kwasar kaya. Bai yi ko ɗaya ba. Sai kawai ya ce, "Hoton Ashraf da na nuna miki fa?" Na ce ban gan shi ba. Sai muryarsa ta canza.

"Inna, haka Baba ya yi mana. Kullum da sauƙi, har muka kai shi makwanci. Ke ma haka kika so ki yi mana?"

 Ashe haushin nan ba ni kaɗai nake ɗauke da shi ba, yaron nan ma yana da nasa, kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Asibitin ido. Akunna a dama, Yusha'u a hagu, ni a tsakiya ina ɗingishi kamar wadda aka kamo.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Ginika ba. Ta ce yana ce a duka biyun, wannan ana cirewa. Amma na hagu akwai hawan jinin ido a ƙarƙashin yanar, ya riga ya cinye jijiya da yawa, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na dama an same shi da sauran dama, za a yi aiki, sannan magani kullum har ƙarshen rai. Ta ce, "Mama, da kin zo da wuri." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba.

Ta tambaya ko na sa wani abu a ciki. Na ce kwalli. Akunna ta yi gyaran murya. Na ce da zuma.

Laraba, 27 ga Agusta

Hanwa. An yi aikin, an cire bandeji. An hana ni sunkuyawa da hura wuta da dogon rubutu. Na ga fuskar Ashraf, ashe haƙoransa na gaba sun zube. Fentin ɗakin ruwan ƙwai ne, bai yi muni ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na dawo gidana. Yarjejeniyar da muka yi da Yusha'u: ina nan Tudun Wada, Juma'a da Asabar ina Hanwa. Ya sa ƙwan lantarki a zaure, ya cire dakalin da nake tuntuɓe da shi. Ni na ci, ko da yake shi ma yana ganin shi ya ci. Aji zai koma gobe bayan la'asar, da alli mai kauri.

Ishatu ta zo gaishe ni daga gidan mijinta sanye da atamfar nan. Koriya ce shar, gwaggon ango ta yi gaskiya.

Bayan ta fita uwarta ta shigo. Yau na fara ganin Talatu sosai tun bayan azumi, ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malama, ya ido?"

Na buɗe baki in ba ta amsar da aka saba, sai na ji na ce, "Na dama da sauƙi. Na hagu babu sauƙi, kuma ba zai yi ba. Ni na jawo, da na zauna a kansa."

Gaisuwar ba ta da amsar wannan.  Sai ta saki labule, ta zo ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna ta ɗora a gefen ƙirjinta, wurin da take cewa sanyin damina. Akwai ƙulli a wurin, mai tauri. Ta ce tun bara, ko mai gidanta bai sani ba, ta bari ne a gama bikin Ishatu, da aka gama kuma ta rasa wanda za ta fara gaya wa.

Ban ce mata da sauƙi ba. Na ce ta shirya da safe, tare za mu je asibiti, kuma na riga na kira Akunna ta ce za ta bar shago a rufe.

Ba wai na canza hali ba ne, gaisuwa gaisuwa ce, gobe ma in an ce ina kwana lafiya lau zan ce. Ajin dai sai jibi. In tuna in ɗiga magani kafin mu fita.